Ruwan lagireto: yadda ruwan famfo ke cinye injin mota a hankali, da yadda ake wankewa a canza shi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ido ya saba ganin mota a gefen babbar hanya, bonet a ɗage, tururi na tashi, direba na fasa ledojin fiya wata yana ɗurawa a lagireto. Wasu motocin sukan huce su ci gaba da tafiya. Wasu kuwa daga nan sai gareji, inda makaniki zai ce gasket ya ƙone, ko kan inji ya lanƙwashe, ko ma injin ya tashi daga aiki sai an nemo wani.

Yawancin masu motoci ba sa wasa da juyen baƙin mai. Sun san ranarsa, sun san irin man da suke so. Amma ruwan da ke sanyaya inji, wanda ake kira kulant, sai a shekara biyar ba a taɓa shi ba, illa dai a riƙa ƙara ruwan famfo ko na rijiya duk lokacin da ya yi ƙasa. Alhali shi ma yana tsufa, yana kuma da wa'adi kamar baƙin mai. Bambancinsu shi ne ɓarnar tsohon kulant ba ta nuna kanta da wuri. A ɓoye take ci, sai ranar da aka fi buƙatar motar sannan ta bayyana.

Aikin da ruwan ke yi a cikin inji

Injin fetur ba ya mayar da dukkan man da ya sha zuwa ƙarfin tafiya. A ƙiyasce, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke juya tayoyi. Wani kason kamar haka yana fita ta salansa a matsayin iska mai zafi, ragowar kuma zafi ne da ke shiga ƙarfen injin, wanda dole a kwashe shi a fitar. In ba a kwashe ba, cikin 'yan mintuna ƙarfe zai kumbura, baƙin mai ya tsinke, fistin ya kafe a cikin silinda.

Masu wannan aikin kwashewa ba su da yawa. Akwai ramuka da hanyoyi a cikin jikin inji da kansa, inda ruwa ke zagaye silinda. Akwai famfon ruwa, wanda bel ke juyawa a yawancin motoci, shi ke tura ruwan. Akwai lagireto, mai ɗauke da siraran bututu da iska ke ratsawa tana ɗauke zafi. Akwai fanka, mai jawo iska idan mota na tsaye ko tana cikin cunkoso. Akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da ke rufe hanyar lagireto idan inji na da sanyi, ta buɗe da kanta idan ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon ƙirar motar. Sai murfin lagireto, wanda mutane da yawa ke ɗauka marufi ne kawai.

Murfin nan yana riƙe matsi a cikin tsarin baki ɗaya. A samansa akan ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa a ma'aunin ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a wuri mai tudu kamar Jos kuwa, wadda ta haura mita 1,200, yana tafasa tun wajen digiri 96. Injin zamani kuma a tsakanin digiri 90 da 105 yake aiki. Matsin murfin ne ke ɗaga ma'aunin tafasar zuwa wajen digiri 120, kamar yadda tukunya mai toshe tururi ke dafa ganda da sauri. Shi ya sa murfin da robarsa ta mutu, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ke iya sa lafiyayyar mota ta riƙa tafasa.

Me ya sa ruwa zalla bai wadatar ba?

Hujjar da aka fi ji ita ce, kulant na ƙasashen sanyi ne, mu nan ba ma da ƙanƙara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Babban sinadarin kulant shi ne etilin gilaikol, wanda wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Charles-Adolphe Wurtz, ya fara haɗawa a 1856, kamfanin Prestone kuma ya fara sayar da shi ga masu motoci a Amurka a 1927 don hana ruwan inji daskarewa. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Ba shakka direban da ke tsakanin Kano da Damagaram ba ya buƙatar wannan. Haka kuma gaskiya ne cewa ruwa zalla ya fi gilaikol iya ɗaukar zafi.

Sai dai hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Haɗin rabi da rabi yana ƙara wa ma'aunin tafasa wasu digiri shida zuwa takwas, idan aka haɗa da matsin murfi sai ya kai kusan 125 zuwa 129. A cunkoson rana tsaka da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, wannan 'yar tazara ce ke raba motar da ta isa gida da wadda ta tsaya a hanya.

Babban aikin kuma shi ne na sinadaran hana tsatsa da ake zubawa a cikinsa. A cikin hanyar ruwa akwai ƙarafa iri-iri: baƙin ƙarfe, alminiyom, tagulla, da dalma a tsofaffin lagireto. Duk inda ƙarafa mabambanta suka haɗu a cikin ruwa mai zafi, sai su zama kamar ƙaramin batir, ɗaya na cin ɗaya. Alminiyom ne ya fi shan wuya, kuma da shi ake yin kan inji da lagireton kusan dukkan motocin zamani. Sinadaran kulant suna shimfiɗa wani siririn rufi a jikin ƙarfen, su kuma hana ruwan komawa mai tsami. Ruwan famfo ba ya yin ko ɗaya.

Akwai kuma matsalar ma'adinai. Duk wanda ya leƙa gindin butar shayi da aka daɗe ana dafa ruwan rijiyar burtsatse a ciki ya ga farin ƙanzon da ke mannewa. Irinsa ne ke taruwa a cikin bututun lagireto, waɗanda faɗin ƙofarsu bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Ƙanzon yana toshe bututun, yana kuma hana zafi ratsa ƙarfe. Tsatsar da ke yawo a cikin ruwa kuwa tana goge robar famfon ruwa kamar yashi, har ya fara ɗiga. A motoci da yawa masu giya otomatik, bututun sanyaya man giya yana ratsawa ne ta cikin lagireto. Idan tsatsa ta huda shi, ruwa ya haɗu da man giya, an tashi daga gyaran lagireto an koma gyaran giya.

Launi ba shi ne nau'i ba

A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, tambayar da aka saba yi wa mai saye ita ce: kore ko ja? Gaskiyar magana ita ce gilaikol ba shi da launi. Rini ne kamfanoni ke zubawa, kuma babu wata doka da ta tilasta musu bin launi ɗaya. Ana iya samun kore biyu da ba sa jituwa, a kuma samu ja da shuɗi masu sinadari kusan iri ɗaya.

Abin dubawa shi ne nau'in sinadarin hana tsatsa, kuma manyan gidaje uku ne. Na farko shi ne tsohon yayi, IAT, mai amfani da silikat da fosfat. Yana kare ƙarfe da sauri amma yana ƙarewa da wuri, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Shi ne ya dace da tsofaffin motoci masu lagireton tagulla, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Na biyu shi ne OAT, wanda ya yaɗu bayan kamfanin General Motors ya fito da Dex-Cool a tsakiyar shekarun 1990, yana kaiwa shekara biyar. Na uku shi ne HOAT, gamin gambizar biyun.

Masu ƙera motoci ma ba bakinsu ɗaya ba. Kamfanonin Japan irin su Toyota da Honda suna amfani da fosfat, suna guje wa silikat saboda robar famfon ruwa. Na Turai kuma suna guje wa fosfat, don yana haɗuwa da ma'adinan ruwa ya zama ƙanzo. Shi ya sa Volkswagen ke da nasa jerin, G11 da G12 da G13, Honda ke da nata shuɗin mai suna Type 2, Toyota kuma ke da ja na tsofaffin motocinta da ruwan hoda na sababbi.

Idan aka gauraya nau'o'in da ba su dace ba, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne wa'adinsu ya ragu. Mafi muni shi ne sinadaran su kwanta su zama laka mai toshe hanya. Don haka littafin motar ne alƙali, sai kuma rubutun da ke bayan galan. Galan da babu rubutun sinadaran da ke ciki, babu sunan motocin da ya dace da su, kuma kuɗinsa ya yi arha fiye da kima, yana iya zama ruwa ne da rini kawai. Araha ba ta ado.

Yaushe ya kamata a canza?

Ga motar da aka san tarihinta, sai a bi wa'adin kamfani. Misali, Toyota ta ƙayyade wa ruwan hodarta canjin farko bayan kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan kuma duk kilomita 80,000 ko shekara biyar. Amma wannan lissafi na motar da ba a taɓa surka mata ruwa ba ne. Mota 'yar Kwatano da ta wuce hannu uku, aka ɗura mata ruwan famfo sau babu adadi, ta fita daga wannan jadawali. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne a wanke, a zuba sabo tun farkon saye, a fara lissafi daga nan.

Alamomin da ke nuna lokaci ya yi a bayyane suke. Ruwan ya koma launin ƙasa ko na tsatsa. An ga laka a ƙarƙashin murfi ko a gindin robar ajiyar ruwa. Akwai ɓarɓashi yana yawo. Allurar zafi tana hawa a cunkoso ko a hawan tudu fiye da yadda ta saba. Ko kuma hita ba ta ba da ɗumi da asubahin hunturu. Haka nan duk lokacin da aka canza lagireto ko famfon ruwa, kuskure ne a mayar da tsohon ruwa.

Kayan aiki

Aikin bai fi ƙarfin mai mota mai natsuwa ba, wanda kuma zai kai wa makaniki ya kamata ya san matakan don ya sa ido. Ana buƙatar kulant ɗin da ya dace da motar, da tataccen ruwa marar ma'adinai wajen lita 10 zuwa 15, da babban baho mai faɗi, da mazurari, da filaya, da safar hannu, da tsumma, da jarka mai murfi ta zuba tsohon ruwa. Yawancin ƙananan motoci suna cin lita biyar zuwa takwas.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. Tataccen ruwan nan shi ne wanda ake ƙara wa batir, shi ya sa ake ce masa ruwan batir, amma masu cajin batir suna kuma sayar da ruwan asid mai kama da shi a ido. Wanda ya zuba na asid a lagireto ya kashe shi. Dole a tabbatar da abin da aka saya. Fiya wata kuma, duk da tsabtarsa ga mai sha, yana ɗauke da ma'adinai. Na fita kunya ne a kan hanya kawai.

Yadda ake wankewa

Sharaɗi na farko, wanda babu sassauci a cikinsa: inji ya huce sarai. Mafi kyau a yi aikin da safe kafin a tayar da motar. Ruwan da ke cikin inji mai zafi ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa. Da an murɗa murfi sai ya yi tsiri ya watsu a fuska da hannu, kuma ƙunar da yake yi mai tsanani ce.

A ajiye motar a wuri mai baje, a ja birkin hannu. Kafin a zubar da komai, a duba tiyo na sama da na ƙasa: wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi laushi kamar soso, yanzu ne lokacin canza shi. A duba ƙarƙashin famfon ruwa ko akwai busasshen sawun ɗiga.

Daga nan a buɗe murfi, a sa baho a ƙarƙashi, a kwance 'yar kusar zubarwa da ke gindin lagireto. Yawanci ta roba ce, da hannu ake murɗa ta, in aka sa mata ƙarfi sai ta karye. Motar da ba ta da ita, sai a sassauta maɗaurin tiyon ƙasa a zare shi. A cire robar ajiyar ruwa idan tana cirowa, a wanke ta, domin a nan laka ta fi kwanciya.

Abin lura shi ne, abin da ya zuba a baho bai fi rabin ruwan da ke cikin motar ba. Sauran yana maƙale a jikin inji da hita. Wannan ne dalilin wankin. A mayar da kusar, a cika da tataccen ruwa, a rufe murfi, a tayar da inji, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi don ruwa ya ratsa ta. A bar shi yana aiki minti 10 zuwa 15, har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe ke nan. Sai a kashe, a jira ya huce, a zubar. A maimaita har ruwan da ke fita ya zama garau. Mota mai ɗan dama-dama zagaye biyu ko uku ya ishe ta. Jiran hucewar nan shi ke cin lokaci, amma ba a tsallake shi, domin zuba ruwan sanyi a inji mai zafi yana iya tsaga kan inji.

Idan tsatsa ta yi yawa, akwai maganin wankin lagireto da ake sayarwa a kwalba. A bi umarnin da ke jikinsa, kada a wuce lokacin da ya faɗa, a kuma ɗauraye da kyau bayansa. Amma mai mota ya kwana da shirin cewa a tsohon lagireto, wani lokaci tsatsar ce ta toshe ƙananan hudoji, da an wanke sai yoyo ya bayyana. Wankin bai jawo hudar ba, tona ta ya yi, kuma gara ta tonu a gida da ta tonu a dajin da babu gari kusa. Garin sabulun wanki da wasu ke zubawa yana yin kumfar da ke da wuyar fita. Ɗanyen ƙwai ko garin barkono da ake toshe yoyo da su kuwa, inda suka toshe huda nan suke toshe bututu.

Tun da an zo wurin, a duba bayan lagireto ta waje. Ƙurar hunturu da ciyayi da ƙwari suna cushewa tsakaninsa da na na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa. A wanke da ruwa mai sauƙin ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Injin feshin masu wankin mota yana lanƙwasa siraran fukafukansa.

Lissafin haɗi

Kulant iri biyu ake sayarwa: mai kauri da ake surkawa, da wanda aka riga aka surka, wanda akan rubuta 50/50 a jikinsa. A nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba.

A ɗauka mota tana cin lita shida. Bayan wanki, lita uku na ruwa zalla sun rage a cikin inji. Idan aka cika ragowar lita ukun da wanda aka riga aka surka, gilaikol ɗin da ya shiga lita ɗaya da rabi ne kawai a cikin lita shida, wato kashi 25 cikin 100. Ya yi tsinkewar da ba zai kare ƙarfe yadda ya kamata ba. Amma idan mai kauri ne, sai a zuba lita uku cif, ya haɗu da ruwan da ke ciki ya ba da rabi da rabi daidai.

Wanda bai samu sai surkakke ba, kamar yadda Toyota da Honda ke sayar da nasu, yana da hanya biyu. Ko dai a nemo kusar zubarwa da ke jikin inji a kwance ta don ruwan ya fita duka, ko kuma a yi zagayen ƙarshe na wankin da shi kansa kulant ɗin. Duk zagaye ɗaya yana canza rabin abin da ke ciki: na farko kashi 50, na biyu 75, na uku kusan 88.

A ƙasa mai zafi ana iya rage gilaikol kaɗan, amma kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku, don sinadaran hana tsatsa tare da shi suke raguwa. Zuba mai kauri zalla kuma, da tunanin ya fi ƙarfi, yana ƙara wa inji zafi ne, tun da gilaikol bai kai ruwa ɗaukar zafi ba.

Fitar da iska

Sau da yawa motar da aka canza wa ruwa jiya sai ta yi zafi yau, a ɗora wa sabon kulant laifi. Iska ce ta maƙale a ciki. Inda iska ta tsaya, ruwa ba ya taɓa ƙarfe, wurin sai ya yi zafi fiye da kima, wani lokaci ma allura ba ta nunawa.

A zuba ruwan sannu a hankali ta mazurari. Yana taimakawa idan gaban motar ya ɗan fi bayanta tudu. Motocin Turai da yawa, har da Peugeot 406, suna da ƙananan kusoshin fitar da iska a kan tiyo ko kusa da tamostat: a buɗe su yayin zubawa, a rufe idan ruwa ya fara fita babu kumfa. Sannan a tayar da inji murfi a buɗe, hita a kunne, ana matsa tiyon sama a hankali. Idan tamostat ya buɗe ruwan zai faɗa ƙasa, sai a ƙara. A nisanta hannu da hannun riga daga bel da fanka, domin fankar lantarki tana tashi da kanta ba sanarwa. Idan kumfa ta daina fitowa, hita na ba da zafi, fanka ta tashi ta tsaya, sai a rufe murfi, a cika robar ajiya zuwa tsakanin layin ƙasa da na sama. A sake dubawa da safe kwana biyu ko uku a jere. A rubuta kwanan wata da kilomita da nau'in da aka zuba a ajiye a cikin motar.

Batun cire tamostat

Al'ada ce da ta yi ƙarfi a garejin ƙasar nan: da mota ta sauka daga waje sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, wai an shirya ta don zafin Afirka. Injin zamani kwamfuta ke sarrafa shi, kuma tana karanta zafin ruwa kafin ta yanke yawan man da za ta fesa. Idan inji bai kai zafin aikinsa ba, sai ta ɗauka bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara mai. Sakamakon shi ne shan fetur, da baƙin hayaƙi a fulogi, da saurin cinyewar silinda. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In aka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe, an gudu ba a tsira ba. Tamostat da ya lalace canza shi ake yi. Gwajinsa kuma mai sauƙi ne: a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa.

Na'urorin da ke taimakawa

Allurar zafi ta motoci da yawa an tsara ta ne ta zauna a tsakiya, ba ta motsi sai zafi ya yi nisa. Wasu motocin ma fitila kawai gare su. Mai son sanin ainihin lamba yana iya sayen ƙaramar na'urar OBD2, irin su ELM327, ya soka ta a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa da waya ta Bluetooth, ya buɗe manhaja irin su Torque. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 suna da wannan rami, haka na fetur na Turai tun 2001. Da ita za a ga digirin ruwa yana hawa da sauka, a ga inda fanka ke tashi. Lambar matsala P0128 kuma tana nufin inji ba ya kai zafin da ya kamata, sau da yawa saboda tamostat ya kafe a buɗe ko babu shi.

Akwai ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake nunawa daga nesa. Idan aka bi fuskar lagireto da shi aka tarar da wani yanki ya fi sauran sanyi sosai, to bututun wurin sun toshe. Akwai kuma ɗan madubin auna kaurin kulant, wanda ɗigo ɗaya ya ishe shi ya nuna yawan gilaikol, shi ne maganin ruwan rini. Masu motoci masu haɗa fetur da lantarki, kamar Prius, su sani cewa hanyar ruwa biyu gare su: ɗaya ta inji, ɗaya ta na'urar juya wutar lantarki, kowacce da robarta.

Tsohon ruwan guba ne

Etilin gilaikol yana da zaƙi, launinsa kuma yana kama da lemon kwalba. A cikin jiki hanta tana juya shi zuwa sinadaran da ke lalata ƙoda. Cokalin shayi ɗaya yana iya kashe kyanwa, kuma kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Wasu kamfanoni suna zuba masa abin ɗaci, amma ba duka ba. Kada a bar bahon a tsakar gida inda yara da kaji da awaki ke kai-komo. Kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwan sha. Kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya. A ɗura a jarka, a rufe, a rubuta abin da ke ciki, a kai inda ake tara tsohon baƙin mai ba tare da an gauraya su ba. Wanda ya sha, ko da ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, a garzaya da shi asibiti tare da galan ɗin. Alamar farko tana kama da maye, ɓarnar ƙoda sai daga baya take bayyana, maganin kuma da wuri yake aiki.

Abin da wanki ba ya warkarwa

Idan baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ko kumfa ba ta daina tasowa a lagireto, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to ana zargin gasket ne, kuma babu sabon kulant da zai gyara shi. Haka lagireton da ƙanzo ya riga ya toshe, da fankar da ta mutu, da famfon da tsatsa ta cinye fukafukansa.

Idan kuma allura ta hau a kan hanya, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna hita don ta janye wani zafin, a nemi wuri a tsaya a kashe inji. A jira aƙalla rabin awa kafin a taɓa murfi, a buɗe shi da tsumma mai kauri a hankali. Kilomita biyu ko uku da direba zai ƙara da allura a ja sun isa su lanƙwasa kan inji.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, bayan ƙura ta gama cika lagireto, kafin bazara ta kankama. Galan ɗaya ko biyu na kulant na gaske, da tataccen ruwa, da safiya ɗaya ta ranar hutu, ba za a haɗa kuɗinsu da na sauke kan inji ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.